Ƙofar da Ba Ta da Ƙyaure

A shekarar da Daular Kwarmi ta fara ƙetaro gulbi, Kaura Anaruwa ne ke riƙe da rundunar Birnin Marke, ko dai a ce abin da aka bar masa na rundunar. Ya isa ƙauyen Tungar Giwa da hantsi, mahara sun riga sun yi nisa. Rumbuna na ci da wuta har lokacin. Ƙaurin gero ya gauraye da wani wari da kowane mayaƙi ya sani. Mazan garin an jera su a bakin rijiya an yanka, waɗanda wuri bai ishe su ba an tura su ciki. Maigari an ɗaure shi a jikin tsamiya an koyi harbi da shi. Mata da yara babu ko ɗaya, sai sawunsu da ya yi gabas tare da na dawaki.

Wata tsohuwa da ta ɓuya a ramin jan ƙasa ta fito. Ta dubi Kaura, ta dubi 'yan mahayan da ke bayansa, ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi ina 'yan bakan Marke, waɗanda ake karɓar gero kowace kaka domin a ciyar da su. Kaura ya sa aka binne matattu, ya ɗora tsohuwar a bayan wani mahayi, ya juya birni.

Ya san amsar. 'Yan bakan Marke suna can Mashigin Faru, tafiyar kwanaki, suna tsaron bakin ruwan wata ƙasa bisa umarnin Tarayya.

Tun zamanin kakan sarki mai ci, ƙasashe biyar na bakin gulbi, Marke da Faru da Kanya da Ɗinya da Gawo, suka gaji da kashe juna. Suka taru a Mahaɗa, inda koguna biyu suka gamu, suka yi rantsuwa. Kowane sarki zai ci gaba da sarautar ƙasarsa, amma yaƙi da sulhu sun koma hannun majalisar Mahaɗa, inda kowace ƙasa ke da murya ɗaya. Shaidar rantsuwar kuwa, kowane birni ya cire ƙyauren ƙofa ɗaya daga ganuwarsa ya aika can, aka rufa soron majalisa da su. Ƙofar da aka cire wa ƙyaure ita ake kira Ƙofar Amana. Ta nan rundunar Tarayya ke shiga ba sallama, ta nan take fakewa in yaƙi ya juya mata. A Marke ƙofar tana yamma, tana kallon hanyar Mahaɗa. Mutanen birni sun tashi sun gan ta a hangame, har sun daina lura.

Kaura ya shiga fada da toka a rigarsa, ya tarar da baƙo a zaune kusa da Galadima. Shamaki Tanimu ne, jakadan Mahaɗa, mutum mai tsabta da taushin murya, sandar Tarayya a kwance a cinyarsa. Saƙonsa shi ne majalisa ta zauna ta duba, ta ga Kwarmi ta Mashigin Faru za ta kawo babban hari, saboda haka Marke ta ƙara aikowa da rabin mahayan da suka rage mata. Ƙone-ƙonen ƙauyuka, in ji majalisa, yaudara ce domin a raba ƙarfin Tarayya.

Sarki Nomau ya saurara bai ɗago ba. Bai daɗe a gado ba, ba shi da yawan magana, kuma an san in ya furta abu ba ya haɗiye shi. Ya ce Galadima ya faɗi nasa.

Galadima Cindo ya tsufa har sai an kama shi yake tashi. Ya ce shi kaɗai ya rage a soron nan da ya ga zamanin da babu Tarayya, lokacin da mutumin Kanya ba ya kwana a Marke ya tashi da kai a wuyansa.

"Ranka ya daɗe, Kwarmi ba ta tsoron Marke. Ba ta tsoron Faru, ba ta tsoron Gawo. Biyar ɗin nan a haɗe take tsoro. Majalisa takan yi kuskure, na gani da idona. Amma kuskuren da aka yi kana zaune a wurin, kana iya komawa ka gyara shi. Ka aika da mahayan, ka aika ni tare da su, in je in dame su har su dawo mana da 'yan baka."

Sai Kaura ya matso, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ba da labarin Tungar Giwa, bai ƙara ba bai rage ba, ya ce ya daina ƙirga ƙauyukan da ya binne tun faɗuwar ruwa.

"Allah ya ja zamaninka, ranar da aka naɗa mini rawanin nan, a gaban mahaifinka na rantse, ba a gaban Mahaɗa ba. Murya biyar ce a can, tamu ɗaya. Huɗu sun ce bakin ruwan Faru ya fi mutanen Tungar Giwa. Mai yiwuwa gaskiyarsu ce. Amma ba su suka ciro gawa daga rijiya yau ba. Talakan da ke ba ka gero kai ya sani. In ya kira ka, kai kuma sai ka aika wani gari a tambayo maka izinin amsa masa, to wa ke sarautar Marke?"

Shamaki ya yi murmushi. Ya ce Kaura mayaƙi ne, mayaƙi kuwa abin da ke gaban dokinsa kawai yake gani, majalisa ce ke ganin gulbi daga sama har ƙasa. Da ya tsaya nan da ya tsira da saƙonsa. Sai ya ƙara da cewa ba shawara aka aiko shi nema ba.

Sarki ya ɗago.

"Shamaki, in na ce a'a fa?"

"Ranka ya daɗe, ƙofarka a buɗe take. Sai a zo a ɗiba."

Sarki ya miƙa hannu, wani dogari ya zare sandar daga cinyar jakada ya ba shi, shi kuma ya miƙa wa Kaura. Kaura ya karya ta a gwiwa ya ajiye guntayen a gaban mai ita. Aka kawo takobin marigayi mahaifin Sarki, Sarki ya dafa shi ya rantse a gaban sarakunan majalisarsa cewa daga yau Marke ta fita daga Tarayya. A dawo mata da 'yan bakanta. A toshe Ƙofar Amana, kuma duk wanda ya taɓa toshiyar, Hauni mai yankan fada zai sare kansa, ko da daga tsatson sarauta ya fito.

Aka karɓe dokin Shamaki, aka raka shi a ƙasa har bakin ganuwa. Shi ne mutum na ƙarshe da ya bi ta ƙofar tana buɗe.

Masassaƙa suka ce ƙyauren da zai rufe wannan baki sai an nemo manyan itatuwa, aikin watanni ne. Sai aka ce a gine ta kawai. Kaura da kansa ya tsaya a kan magina. Ya sa aka jera duwatsu a gindi, aka gitta azara a tsakiya, aka ɗora tubali aka yaɓe, har toshiyar ta fi ganuwar kanta kauri. Duk inda ya ga laushi sai ya sa a rushe a sake.

Ranar da aka fara ginin, Durɓi mai kula da tsafin birni ya kawo baƙin sa domin a zubar da jini a gindi. Aka kayar da shi, aka yanka. Da aka saki igiya sai bijimin ya zabura ya miƙe, maƙogwaro a buɗe, ya ture magini ɗaya, ya tsallake layin duwatsun, ya fita ta ƙofar yana zubar da jini a hanyar Mahaɗa har ya faɗi can nesa. Fadawa suka ce ya tafi da sharrin Tarayya ke nan. Durɓi ya goge wuƙarsa ya ce bai ga komai ba tukuna. Galadima, da aka kawo a kan jaki domin ya shaida, ya ce shi dai ya lura ko sa ya san inda ake gudu in wuya ta yi. Babu wanda ya yi dariya.

Mahaɗa ba ta saki 'yan bakan ba. Labarin toshiyar kuwa ya riga jakada isa ko'ina. Ko Kwarmi ta yi niyyar Faru tun farko, ko ba ta yi ba, babu wanda zai ƙara sani, domin da jin an raba biyar sai ta juya kan dawakinta duka ta nufo Marke.

Suka sauka a gabas, suka cika fadama. Suka cike ramin gindin ganuwa da karan dawa da gawar bayinsu, suka jingina tsani. Birnin da ba shi da 'yan baka sai ya bar abokin gaba ya zo kusa, haka Marke ta yi. Aka yi ta zuba musu duwatsu da tafasasshen ruwa da garwashi, ana ture tsani da sanduna masu baki biyu. Duk wanda ya kai kansa saman ganuwa ya tarar da gatari. Kaura ya ga wani maƙeri ya rungumi ɗan Kwarmi sun faɗa tare, ya ga wani mahayinsa yana sara da hannun hagu bayan an cire masa na dama. Kibau masu wuta suka kama jinkar unguwar gabas, mata na kashewa da tulu, kibau masu dafi na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya mutanen da ke kan ganuwa suna raguwa, tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa, har mutum ya zama sai ya ɗaga murya maƙwabcinsa ke ji.

Ranar da abin ya kai maƙura, da rana ta ɗaga, masu tsaron yamma suka hango tutoci a kan tudu. Tutocin Kanya da Faru da Ɗinya da Gawo ne, a tsakiyarsu kuma ga 'yan bakan Marke da jajayen kwarinsu. Guɗa ta tashi daga unguwa zuwa unguwa. Rundunar ta jeru a kan tudun, ta tsaya, ba ta ƙara taku ba.

Kaura ya bar gabas ya hau ganuwa daidai kan toshiyar. Wani mahayi ya sauko daga tudun shi kaɗai, a hankali, yana tauna goro. Barde Jatau ne na Kanya, jagoran rundunar Tarayya. Shi da Kaura sun yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa tun suna samari, kuma tsakanin Kanya da Marke akwai wasa.

Barde ya ja linzami, ya dubi ginin daga ƙasa har sama.

"Anaruwa, ashe ka koma gini? An ce mini ka tsufa, ban san har ka ajiye takobi ka ɗauki laka ba. Amma aikin ya yi kyau."

"Kai kuma ka zo kallo, aikin da Kanya ta fi iyawa. Ana cin gari a gabas, Jatau. Zagaya ka faɗa musu ta baya."

Barde ya tofar da goro ya ce ba zai yi ba. Ya ce Kaura ya san dokar kamar yadda ya san sunan uwarsa, Tarayya ba ta yaƙi domin garin da Ƙofar Amanarsa ke rufe. Ba don girman kai aka kafa ta ba. Kwarmi ta ninka shi yawa, in ya zagaya suka juyo kansa, ba shi da inda zai sa bayansa sai wannan ginin, a matse shi a jikinsa a gama da shi. Kaura ya ce to ya saki 'yan bakan Marke kaɗai, a jefa musu igiya su hauro. Barde ya ce Sarki Nomau ne ya fita daga Tarayya, su ba su fita ba, da rantsuwarta a wuyansu suka zo. Biyu daga cikinsu sun fasa layi ɗazu da suka ga hayaƙin unguwarsu, ya sa an soke su a gaban sauran.

"Buɗe ƙofar, kafin ka sauko daga nan ina ciki. In ba ka buɗe ba, zan tsaya in ga ƙarshe, gobe in tari Kwarmi a gajiye da kayan ganima a ka. Ni kowanne ya yi mini. Kai ne dai ba na son in binne."

Ya juya dokinsa ya koma tudu.

Kaura ya sami Sarki a gindin ganuwar gabas, an ɗaure masa dantse inda kibiya ta yanke shi, takobin marigayi a hannunsa da jini har ƙota. Tun safe yake cikin masu sara, babu mai cewa ya ɓuya. Kaura ya durƙusa ya faɗi abin da Barde ya ce. Ya ce ganuwar gabas ba za ta kai la'asar ba. Ya roƙi a ba shi izini ya fasa abin da ya gina.

Sarki ya juyo gare shi.

"Kaura, kai ka tambaye ni wa ke sarautar Marke, a gaban jama'a. Na ba ka amsa da hannuna a kan takobin nan. Koma bakin aikinka."

Kaura ya koma.

Azahar ba ta yi ba Kwarmi ta hauro ta kusurwar unguwar marina. Suka zubo kamar an fasa tafki. Aka yi ta sara a lunguna inda doki ba ya juyawa, mutum da mutum, gida da gida. Ramukan rini suka cika da gawa, shuɗin baba ya koma wani launi da ba shi da suna. Kaura ya tare bakin wani lungu da mutanensa, suka kashe har gawa ta zama musu katanga. Ta saman katangar ya hango cikin unguwar da ta riga ta faɗi. An fito da mazan da suka rage an durƙusar da su a jere, wani ƙato yana bin layin da wuƙa ba gaggawa. Mata ana ɗaure su wuya da wuya. Bayan Kaura kuwa akwai sauran birnin duka, kasuwa da fada da unguwannin da mata suka tattara yara a ciki.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya bar rabin mutanensa a bakin lungun, ya gaya musu gaskiya cewa ba zai dawo ya same su da rai ba. Ya ɗebi sauran ya yi yamma, yana kiran duk mai galma da gatari da guduma ya biyo shi.

A gaban toshiyar Sarkin Dogarai Bagudu ne ke tsaye da mutanensa, domin Sarki ya san abin da tsoro ke sa jama'a. Shi da Kaura ƙwarya ɗaya suke cin tuwo a fada. Bagudu ya ga galmuna, ya gane.

"Kaura, kana wurin aka yi rantsuwar."

"Ina wurin. Matsa, Bagudu."

Bai matsa ba. Kaura ya kauce wa sara na farko, na biyu ya tsaga masa kunne, shi kuma ya soka wa Bagudu takobi ƙarƙashin haƙarƙari ya murɗa. Dogarai uku suka mutu a kan gawar shugabansu, sauran suka jefar da makamai. Kaura ya karɓi galma daga hannun wani manomi, ya kai wa ginin sara na farko da kansa, domin kada a ce wani ne.

Ginin bai ba da kai ba. Laka ta bushe ta yi tauri kamar dutse, galma na tashi da ɗan ɓarɓashi kawai. Maƙera suka sa guduma, mata suka zo da taɓarya suna daka ganuwa kamar turmi. Da aka ci tubali sai aka tarar da azarar da Kaura ya sa aka gitta, kowace an danne bakinta da dutse yadda ba za ta motsa ba. Aka ɗaura musu igiya aka sa dawaki suka ja. Igiya ta tsinke, ta fyaɗe idon wani. Aka sake ɗaurawa. Kaura yana sara yana tuna kowane wurin da ya ce a rushe a ƙara kauri.

Kwarmi ta iso su suna cikin haƙa. Masu galma suka ci gaba da haƙa, masu takobi suka juya suka ba su baya. Aka yi ta kashe-kashe a ɗan filin da bai fi masussuka ba. Wata mata ta fasa kan ɗan Kwarmi da taɓarya, na bayansa ya tsire ta a jikin ginin. Mashi ya shiga cinyar Kaura ya fita ta baya. Ya karya sandar, ya jingina da bango ya ci gaba da sara daga tsaye, domin in ya zauna ya san ba zai tashi ba.

Sai ya ji bugu a bayansa, daga wajen ganuwa. 'Yan bakan Marke sun ga ƙura na tashi daga toshiyar, Barde ya sake su, suna haƙa ta can da takubba da farce. Azara ta farko ta fita, ta biyu ta biyo ta, saman ginin ya rufto a kan na ciki da na waje, ya danne wanda ya danne. Haske ya shigo ta ramin. Na farkon da ya rarrafo ta ciki bai miƙe ba ma, daga durƙushe ya saki kibiya a maƙogwaron wanda ke shirin gama Kaura.

Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, suka hau rufin soraye, suka yi wa lunguna ruwan kibau. Aka faɗaɗa ramin, dawakin Kanya suka shigo da lifidi, na Faru na biye, na Ɗinya da na Gawo a baya. Mutanen Kwarmi sun riga sun watsu cikin gidaje suna ɗaure ganima, kowa da kaya a hannu. Aka bi su ɗaki ɗaki. Waɗanda suka gudu zuwa ganuwar gabas suka tarar tsani bai ishe su ba, suka yi ta faɗawa kan junansu. Jagoransu an same shi a rumfar wani mahauci, aka sare kansa a kan kututturen nama. Kafin la'asar, sansaninsu na fadama na ci da wuta. Waɗansu gidajen da Kwarmi ba ta kai gare su ba, mayaƙan Ɗinya sun kai, aka ji kukan mata a unguwannin da yaƙi bai taɓa ba. Babu wanda ya je ya duba.

Bayan la'asar Sarki Nomau ya sa aka shimfiɗa buzu a ƙofar fada, ya zauna. Filin ya cika da mayaƙan Tarayya. Suna kan ganuwa, suna bakin rijiyar fada, waɗansu sun ɗaure dawakinsu a turakun Sarki. Barde Jatau bai sauka daga dokinsa ba.

Aka kawo Kaura a kan kafaɗun mutum biyu, aka ajiye. Sarki ya tambaya wa ya fasa toshiyar, wa ya kashe Sarkin Dogarai. Kaura ya ce shi ne, duka biyun, sauran umarninsa suka bi. Sarki ya ce ya san da ba don haka ba da yanzu babu Marke, kuma za a faɗa wa jikoki haka. Amma rantsuwa rantsuwa ce. Ya ce a kira Hauni.

Galadima ya yi yunƙurin magana, Sarki ya ɗaga masa hannu. Sai Barde ya yi gyaran murya daga kan doki. Ya ce tun da Ƙofar Amana a buɗe take, Marke tana cikin Tarayya, ko an so ko ba a so ba. A dokar Tarayya kuwa, duk wanda sarkinsa ya yanke wa hukuncin kisa, in ya ambaci sunan Mahaɗa, takobi zai jira sai majalisa ta ji maganarsa.

"Kalma ɗaya ce, Anaruwa. Ko mutumin Marke ya iya ta."

Kaura ya ja ƙafarsa mai rauni ya gyara durƙuso. Ya ce ya fasa ginin ne domin mutanen da ke bayansa, bai fasa shi domin a zo a raba shi da sarkinsa ba. Abin da ya faɗa a fada ranar da aka karya sanda, har yanzu a kansa yake.

"Sarkina ya yanke hukunci a garinsa. Ban kira kowa ba."

Ya cire rawaninsa ya ajiye a gefe, ya sunkuyar da kai. Hauni ya zo ya tsaya a kansa, ya gyara ƙafa, ya ɗaga takobi. Sarki ya ɗaga hannu, ya sauke.

Kaura ya jira. Ya ji dawaki na tauna linzami, ya ji ƙuda a kan rauninsa. Takobin bai zo ba. Da jiran ya yi tsawo ya ɗago kai.

Hauni na tsaye, takobi a sama, amma ba Sarki yake kallo ba. Barde yake kallo. Fadawa ma shi suke kallo, da dogaran da suka rage, da mai busa kakaki. Barde ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya girgiza kai kaɗan. Hauni ya sauke takobin a hankali ya mayar da shi kube.

Sarki ya kira sunan Hauni. Ya sake kira. Mutumin ya durƙusa ya kafa goshi a ƙasa, bai tashi ba.

Barde ya ce a ɗauki Kaura a ɗaure masa cinya kafin jini ya ƙare masa. Ya ce kuma a nemo magina su gyara bakin ƙofar nan tun da sauran rana, a ƙara mata faɗi, domin ya lura doki biyu ba sa shiga a jere. Dogaran Sarki ne suka ruga kiran maginan.